SHARHI: Ƙwayar rage shan mai, wa take yi wa magani?

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Damagaram da Maigatari, ya san cewa a bakin tashoshin mota an samu wata haja da kasuwarta ke ci. Wasu ƴan kwalabe ne masu ruwa ja ko kore, wasu kuma ƙwayoyi ne a cikin leda tamkar maganin ciwon kai, ana jefa ɗaya a tanki duk lokacin da aka sha mai. Mai talla yakan rantse cewa idan ka yi amfani da su, man da ke kai ka Katsina zai kai ka ya dawo da kai, injin zai yi sanyi, hayaƙi ya ɗauke, tsohuwar mota ta koma yarinya. A jikin kwalin akan rubuta da Turanci ko Faransanci cewa ana samun rarar kashi 20 ko 30 cikin 100, a manna tutar Jamus ko ta Amurka a gefe.

Ba mu ga laifin wanda ya saya ba, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a Najeriya, lissafin kowa a kan iyaka ya rikice. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura zuwa wajen naira 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Man araha da aka daɗe ana tsallakowa da shi a jarka, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba a Nijar, na Kamaru kuma ke kira zuwa-zuwa, ya daina zama na araha. A Kamaru lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a farkon 2023, ta sake tashi zuwa 840 a farkon 2024. A Nijar gwamnati ta rage farashi daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, amma duk da matatar SORAZ da ke Damagaram tun 2011, jama'a ba su manta da layukan da aka sha a gidajen mai a watan Maris na 2025 ba. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin mota a kan kowane buhun wake ko albasa, da direban da ke cire kuɗin mai kafin ya kai wa mai mota balas, dole kunnensu ya karkata ga duk wanda ya ce yana da dabara.

To amma tambayar ita ce, shin dabarar tana aiki? Amsarmu a taƙaice ita ce a'a, ba yadda ake tallarta ba, kuma za mu faɗi dalili.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin injin. Ƙarfin da ke tura mota yana cikin man ne shi kansa, kowace lita da gwargwadon nata, ba ya ƙaruwa don an yi masa barbaɗe. Masu talla sukan ce injin ba ya ƙona mai duka, rabi na fita ta salansa a banza, maganinsu ne ke sa ya ƙone ƙurmus. Wannan magana tana da daɗin ji, sai dai ba haka abin yake ba. Injin mai lafiya yana ƙona fiye da kashi 95 cikin 100 na man da ya shiga cikinsa. Asarar da ake yi ta zafi ce: wani ya tafi lagireto, wani ya bi salansa, wani ya ƙare a gogayyar ƙarafa, har ya zamana abin da ke isa ga taya bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba. Kowace mace da ke girki a murhu ta san misalin wannan. Itacen yana cinyewa har ya zama toka, amma yawancin zafin yana bin gefen tukunya ne ya tafi iska. In ana so a rage cin itace sai a gyara murhun, ba wanda zai ce a watsa wa itacen gishiri.

A ƙara da wannan lissafin. Tanki mai lita 50 yana ɗauke da mai na nauyin kilo 37 ko kusa da haka. Ƙwayar da ake jefawa a ciki nauyinta bai fi na ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu ba. Kafin ta rage shan mai da kashi 20 cikin 100, sai ta yi aikin lita 10. Duk ɗan kasuwar da ya saba da awo da mudu ya tsaya ya auna wannan magana da hankalinsa.

Ba a kanmu farau ba. A Amurka, inda jama'a suka fi kowa yawan hawa mota, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta shafe shekaru tana gwada irin waɗannan kayayyaki, fiye da iri 100, daga na zubawa a tanki har zuwa na'urorin da ake ɗaurawa a jikin injin, irin maganaɗisun da ake maƙalawa a bututun mai. Hukumar kula da harkokin ciniki ta ƙasar ta sanar da jama'a sakamakon: ba a samu ko ɗaya da ya rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba, wasu ma suna iya lalata injin ko su ƙara hayaƙi mai guba.

A shekarar 2006 babban lauyan gwamnatin jihar Texas na lokacin, Greg Abbott, ya kai wani kamfani mai suna BioPerformance kotu. Kamfanin yana sayar da ƙwayoyi da hoda da ya ce sirri ne na musamman, masu rage shan mai da kaso mai yawa. Da aka kai su ɗakin gwaji sai aka tarar akasarin abin da ke ciki sinadarin nan ne da ake yin kafur ɗin da mata ke sakawa a akwatin tufafi don korar kwari. Abin da ya fi jan hankalinmu a labarin shi ne yadda ake cinikin. Ba a shago ake ajiye kayan ba, mutum ne zai biya kuɗi ya zama wakili, a ce masa ya kawo wasu su ma su biya, yana samun kamasho a kan kowane kai. Dubban mutane suka shiga, kuma a ƙarshe sai da aka tilasta wa masu kamfanin mayar da miliyoyin daloli. Idan wannan tsari ya yi wa mai karatu kama da wani abu da aka taɓa kawo masa a rumfarsa, to ya yi hattara.

Na ƙasar Ostareliya ya fi wannan girma. Wani kamfani da ake kira Firepower, ƙarƙashin wani mutum mai suna Tim Johnston, ya yi ta yayata ƙwayar rage shan mai, yana ɗaukar nauyin manyan ƙungiyoyin wasanni, yana hulɗa da manyan mutane. Masu hannu da shuni da ƙananan ma'aikata suka zuba jari, kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dalar Ostareliya miliyan 100. A 2008 kamfanin ya rushe, kuɗin jama'a ya bi ruwa, ba a kuma taɓa tabbatar da cewa ƙwayar tana yin abin da aka ce tana yi ba. Waɗanda aka damfara ɗin nan masu ilimin boko ne, suna da lauyoyi da akantoci. Saboda haka direban da ya sayi kwalba ɗaya a tashar Ɗan Isa kada ya ji kunya, amma kada ya koma.

Wani zai ce ai manyan kamfanonin mai ne ke danne maganar don kada kasuwarsu ta faɗi. Mu ɗauka haka ne. To ina masu ƙera motoci? Kamfanoni irin su Toyota da Peugeot suna kashe maƙudan kuɗi kowace shekara don kawai su rage shan man motocinsu da kashi 1 ko 2 cikin 100, saboda dokokin ƙasashensu sun matsa musu, masu saye kuma suna dubawa. Ina kuma masu manyan motocin dakon kaya ɗari-ɗari, waɗanda babban kaso na kuɗin da suke kashewa na gas ne? Da a ce akwai ƙwayar sefa 500 mai yin abin da injiniyoyi suka kasa, da waɗannan sun saye ta kaf tun daga masana'anta, ba za ta iso tiren mai talla a Illela ba.

Duk da haka adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin ba kowane abin da ake zubawa a mai ne ƙarya ba. Akwai sinadarai masu wanke datti, kuma suna aiki. Mai yana barin dauɗa a kan nozul da bawul, idan ta taru sai feshin man ya lalace, mota ta riƙa shan mai fiye da ƙa'ida tana kuma rasa ƙarfi. Saboda haka ne tun 1995 dokar Amurka ta wajabta a zuba sinadarin wanki a duk fetur ɗin da ake sayarwa, a 2004 kuma wasu manyan masu ƙera motoci, ciki har da Toyota da Honda, suka fito da wani mizani da ya fi na gwamnati tsanani, mai suna Top Tier. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, AAA, ta yi gwaji a 2016 ta gano cewa man da bai kai wannan mizani ba yana barin datti ninki 19, kuma daɗewa ana amfani da shi na iya ƙara shan mai da kashi 2 zuwa 4 cikin 100.

A lura da adadin da kyau: 2 zuwa 4, ba 20 ko 30 ba. Kuma wannan ba ƙari ba ne a kan abin da motar ta zo da shi daga masana'anta, ɗan abin da datti ya cinye ne ake dawo da shi. Motar da injinta ke da tsabta ba ta da abin da za ta samu.

Ga lissafin a aljihu. A ɗauka lita tana kan sefa 500, cika tanki mai lita 50 ya kama jikka 25. Idan kwalbar magani jikka 2 ce kuma an ce a zuba a kowane tanki, sai ta rage maka lita 4, wato kashi 8 cikin 100, kafin ka mayar da uwar kuɗinka kawai. Sahihin maganin wanki, a motar da ta yi datti sosai, lita 1 ko 2 zai ceto, sefa 500 zuwa jikka guda. Ka biya jikka 2 don ka ceci jikka 1, a kasuwar Jibiya ko yaron shago ba zai yi wannan ciniki ba. Inda maganin wanki ke da amfani shi ne a zuba na kamfanin da aka sani sau ɗaya bayan tafiyar dubban kilomitoci, ko lokacin da bakanike ya ga alamar toshewa. Wanda ya ce maka kullum sai ka zuba, cinikinsa yake nema.

Haka batun maganin da ake cewa yana ƙara wa mai ƙarfi. Abin da yake ƙarawa shi ne juriyar mai ga kamawa da wuta kafin lokaci, abin da ke sa injin ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani idan an hau tudu da lodi. Motar da ba ta wannan ƙara ba ta bukatarsa. Wasu irinsa kuma suna ɗauke da ƙarfen manganis, wanda ke barin jan datti a kan fulogi ya kuma kashe na'urorin tace hayaƙi na motocin zamani. Tarihi ma ya bar mana darasi a nan. Sinadarin da ya fi kowane shahara a wannan aiki shi ne na dalma, wanda aka fara zubawa a fetur a Amurka a 1923. Ya yi aikin da aka sa shi, amma ya shafe shekaru yana shiga jinin yara yana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su rabu da shi ba sai farkon 2006, Aljeriya kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, sai 2021. Wanda ke zuba abin da bai san mene ne ba a tanki ya tuna cewa hayaƙin ƴaƴansa ne ke shaƙa, da mai sayar da ƙosai a bakin tasha.

Wani hanzari ba gudu ba, ga masu sababbin manyan motoci da ake shigowa da su ta Kwatano da Lome: ruwan nan da ake kira AdBlue ba maganin gas ba ne. Yana da tankinsa daban mai shuɗin murfi, aikinsa tace hayaƙi. Yaron mota ya kuskura ya juye shi a tankin gas, famfo da nozul sun tafi.

Sau da yawa mukan ji direba ya ce shi dai ya gwada ya ga bambanci, kuma ba mu ce ƙarya yake yi ba. Mutumin da ya fitar da kuɗi ya sayi magani yakan sa ido a kan allurar mai, ya sassauta ƙafarsa a kan totur ba tare da ya sani ba, sai rarar ta fito daga ƙafarsa a yaba wa kwalba. Wani kuma ranar da ya zuba maganin ita ce ranar da ya yi juye ya canza fulogi. Ban da haka tafiya ba ta zama ɗaya: yau buhu 20 ne gobe 30, yau iskar hunturu tana bayanka gobe tana gabanka, yau an wuce shingen duwan da jandarma cikin minti 10 gobe an yi awa 2 injin na kunne. Wanda yake son gaskiya ga yadda zai yi. Ya cika tanki har baki a gidan mai guda, ya rubuta lambar kilomita, in agogon ya mutu kamar na yawancin motocinmu ya riƙe hanya guda da ya san tsawonta. Ya yi haka sau 4 ba magani, yana rubuta litar da ya ƙara kowane zuwa. Sannan ya ba wani amintacce kwalbar, ya riƙa zubawa wani lokaci yana fasawa wani lokaci ba tare da ya gaya masa ba, sai a ƙarshe a buɗe littafi a kwatanta. Duk mai tallar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan gwaji ba.

Abin takaici shi ne inda man ke zurarewa da gaske a bayyane yake, gyaransa kuma kusan kyauta ne. Alƙaluman ma'aikatar makamashi ta Amurka sun nuna cewa tuƙin ganganci, a taka totur da ƙarfi a taka birki da ƙarfi, yana cin ƙarin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya. Taya mai ƙarancin iska tana iya cin kashi 3, mai faci kuwa ga shi nan a kowace tasha. Kayan da aka ɗaure a saman mota suna tare iska, a gudu mai yawa asarar kan kai kashi 25, kuma wannan lissafin akwati guda ne da aka ƙera don haka, ba tulin katifu da jarkoki da buhunan da muke gani sun ninka tsayin mota ba. Barin ƙaramar mota a kunne tana tsaye yana shan lita 1 zuwa 2 a awa guda. Ga masu tsofaffin Fijo 504 da sauran motoci masu kafireto, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana ƙara shan mai sosai, a motoci masu injekta kuma na'urar auna iskar salansa idan ta mutu tana iya jawo asarar da ta kai kashi 40. Sau nawa aka ga fitilar gargaɗi tana ci a gaban direba an rufe ta da hoto ko sitika?

Sai kuma man shi kansa, wanda a ganinmu nan ne babbar matsalar yankinmu take. Man kwalba ba shi da mai tabbatar da mudunsa, ba shi da mai tabbatar da abin da ke cikinsa. Ana haɗa shi da kananzir, ana samun ruwa da tsatsa a gindin jarka da duro. Wanda aka ba shi abin da bai cika lita ba a kuɗin lita ya riga ya yi asarar da babu ƙwayar da za ta mayar masa. Na gidan mai ma ba kullum yake tsira ba. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya daga tashar Antwerp ta Beljiyam, motoci da dama suka lalace, aka shiga wahalar mai ta makonni. Kafin nan, a 2016, ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna ana sayar wa ƙasashen Afirka gas mai sinadarin farar wuta har ninki 378 na abin da dokar Turai ta yarda da shi. Irin wannan mai shi ke cika injin da datti tun farko, sannan a dawo a sayar mana da maganin wanki.

Muna kira ga hukumomin kula da ingancin kaya, SON a Najeriya da takwarorinta na Nijar da Kamaru da Cadi, su ɗebi samfurin waɗannan kwalabe da ƙwayoyi daga kasuwannin kan iyaka su gwada, su faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa a rediyo, ba a takardar da za ta kwana a ofis ba. Jami'an kwastan da na duwan su riƙa tambayar takardar gwaji kafin katan ya wuce. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi suna da ikon hana talla a cikin tasha, su yi amfani da shi.

Mu ma ƴan jarida da ma'aikatan gidajen rediyon al'umma muna da namu kason laifin. Kowa ya san halin da ƙananan tashoshi ke ciki, kuɗin talla ne ke sayen gas ɗin janareta, shi ya sa idan mai kaya ya zo da kuɗinsa ba a cika tambayarsa hujja ba. Sai a ba shi rabin awa yana zuba, a kawo direbobi biyu su ba da shaida, mai sauraro a ƙauye kuma ya ɗauka tunda rediyo ta faɗa an bincika. Muryar da jama'a suka amince da ita wajen sanarwar rigakafi da farashin hatsi ita ce ake ara a sayar musu da kafur. Ya kamata kowace tasha ta kafa sharaɗi: duk mai cewa kayansa na rage shan mai da kaso kaza ya kawo takardar ɗakin gwajin da ba nasa ba, in babu a mayar masa da kuɗinsa.

Ga ƴan kasuwa masu sarin wannan haja kuwa, maganarmu ta ƴan uwantaka ce. Malamai sun sha bayani a kan hukuncin sayar da abin da mutum ya san ba ya aikin da aka ce yana yi, ba sai mun maimaita ba. Ko ta fuskar kasuwa ma, direban da ka sayar wa kwalba yau shi ne zai ɗauko maka kaya daga Kano gobe, shi ne kake ba amanar kuɗi ya kai wa abokin cinikinka a Dawanau. Ranar da famfon mansa ya toshe a dajin da ba gari kusa, bakanike ya buɗe tanki ya nuna masa abin da ya kwanta a ƙasa, ba Bajamushen da ke jikin kwali zai nema ba, rumfarka zai zo. Wanda ya riga ya sari katan ya nemi dilan da ya kawo masa ya buƙaci takardar gwaji da adireshin masana'anta, in ya kasa kawowa ya ɗauki kayansa.